Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Tsokaci a Kan Kyau da Mulki Cikin Ƙagaggun Labaran Matasa

Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ma'anar wannan karin magana a fili take: abin da mutum ya ɓoye a cikinsa, na murna ko na ɓacin rai, na yarda ko na ƙi, fuskarsa za ta tona shi ko da bakinsa ya yi shiru. To, a ce an wayi gari a wata ƙasa inda hukuma ta ɗauki nauyin gyara fuskar kowane ɗan ƙasa kyauta, ta mayar da ita kyakkyawa, mai fara'a, kuma kusan iri ɗaya da ta maƙwabcinsa, wa za a tambaya labarin zuciya? Kuma in har wannan gyara zai kawar da gori da wulaƙanci da fifita wani a kan wani saboda sura, da wace hujja mai hankali zai ce bai yarda ba?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata muhawara da ta ɓarke a ajinmu na nazarin ƙagaggun labarai. Na taƙaita wa ɗalibai labarin wani littafin matasa na Amurka wanda aka gina a kan irin wannan ƙasa, sa'an nan na tambaya ko akwai wanda zai yarda a yi masa aikin. Na zaci kowa zai yi tir. Sai ga hannuwa birjik a sama, na mata da na maza. Da na nuna mamaki, wata ɗaliba ta ce, "Malam, da ka taɓa zuwa gidan biki ana ta kiran ƙawarka a ɗauki hoto da ita, kai kuwa ana miƙo maka wayoyi ka ɗauka, da ba ka yi mamakinmu ba." Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ban ba ta amsa mai gamsarwa a ranar ba. Wannan maƙala ita ce bashin da take bi na.

Irin Wannan Labari da Tushensa

A shekarar 1516 wani Baturen Ingila, Thomas More, ya wallafa littafin da ya siffanta wani tsibiri na ƙage inda aka tsara rayuwa ba zalunci ba talauci. Daga sunan tsibirin nan, Utopia, aka sami sunan duk wani labari na ƙasar da komai ya daidaita. Kishiyarsa shi ne abin da Turawa ke kira distofiya, wanda za mu iya kira labarin mummunar makoma. Marubucin irin wannan labari yakan ɗauki wata ɗabi'a da ya gani a zamaninsa, ya ja ta har ƙarshen igiyarta, domin mai karatu ya ga inda za ta kai jama'a in ba a taka mata birki ba.

Littattafai biyu ne suka fi shahara a wannan fage, kuma kowanne ya nuna wata hanya ta daban ta mallake jama'a. A littafin George Orwell na 1949, wanda ya sa wa suna 1984, da tsoro ake mulki: leƙen asiri da kurkuku da azaba. A littafin Aldous Huxley na 1932 kuwa, Brave New World, da daɗi ake mulki: an wadata mutane da shagali da wata ƙwaya mai gusar da damuwa, har ba wanda ya ga dalilin tawaye. Ɗaya bulala, ɗaya zuma. Labaran da suka ɗauki kyawun sura a matsayin makamin mulki, daga zuriyar Huxley suka fito. Tun a 1952 Charles Beaumont ya rubuta gajeren labari a kan wata yarinya da ta ƙi yarda a yi mata aikin da ake yi wa kowa don ya zama kyakkyawa, aka kuma mayar da shi wasan talabijin a Amurka a 1964. Amma wanda ya kai wannan jigo hannun matasa sosai shi ne Scott Westerfeld, ɗan jihar Texas, da littafinsa Uglies, wato Munana, wanda ya fito a 2005. Ya biyo shi da Pretties a wannan shekara, da Specials a 2006, da Extras a 2007. A 2024 kamfanin Netflix ya fitar da fim ɗin littafin farko.

Ba abin mamaki ba ne wannan jigo ya sami gindin zama a adabin matasa. Shekarun balaga su ne lokacin da jiki ke sauyawa ba tare da neman izinin mai shi ba, kuma su ne lokacin da maganar tsara ta fi ta iyaye nauyi a kunne. Wanda ke son ya mallaki mutum ta hanyar madubi, a waɗannan shekaru ya fi samun ƙofa a buɗe.

Birnin Tally

Labarin Uglies ya faru ne kimanin shekara ɗari uku bayan rushewar irin wayewar da muke ciki yau. Mutanen wannan zamani suna kiranmu Masu Tsatsa, saboda tarkacen ƙarafan da muka bari a kangon biranenmu. A sabon birnin da aka gina, an kasa rayuwar mutum kashi-kashi. Yaro yana wurin iyayensa har ya kai shekara 12. Daga nan sai a kai shi wata unguwa ta makwantan yara, inda zai zauna shekara huɗu da sunan mummuna. Ranar da ya cika shekara 16 sai a yi masa tiyata: a goge ƙasusuwan fuska, a sauya fata, a daidaita idanu da haƙora, a gyara tsayi da kauri. Sa'an nan ya haye kogi zuwa unguwar sababbin kyawawa, inda ba aikin fari ba na baƙi, sai walima da shagali dare da rana. Daga tagogin makwantansu, munana suna hango fitilun wancan tsallaken, suna ƙidayar kwanaki.

Tauraruwar labarin, Tally Youngblood, saura 'yan watanni ta cika 16, kuma ba abin da take so a duniya kamar wannan rana. Sai ta yi ƙawa mai suna Shay, wadda ranar haihuwarsu ɗaya, wadda kuma ba ta son aikin. Dab da ranar, Shay ta gudu zuwa wani ɓoyayyen ƙauye a daji mai suna Hayaƙi, inda waɗanda suka ƙi tiyata ke noma da gini da hannunsu. Wata shugabar hukumar tsaro ta asiri, Dakta Cable, ta sa Tally a gaba da zaɓi biyu: ko ta bi sawun ƙawarta ta tona inda ƙauyen yake, ko ta dawwama mummuna har mutuwa. Ta ba ta sarƙar wuya mai siffar zuciya, wadda a cikinta akwai na'urar da za ta sanar da hukuma inda take.

A lura da wannan barazana da kyau. Ba a ce za a ɗaure ta ba, ba a ce za a doke ta ba. An ce kawai za a bar ta da fuskar da aka haife ta da ita. Wannan ya isa ya sa ta amince ta ci amanar ƙawarta.

A Hayaƙi Tally ta haɗu da David, wanda aka haifa a can, da iyayensa Az da Maddy, tsofaffin likitocin birni. Su suka gaya mata asirin da ya sa suka gudu: a lokacin tiyatar ana barin wasu 'yan tabo a ƙwaƙwalwa, waɗanda ke sa mutum ya zama mai sauƙin kai, marar gardama, marar dogon tunani. Waɗanda aikinsu ke bukatar kaifin hankali kawai ake cire wa tabon daga baya, kamar likitoci da masu kashe gobara da jami'an tsaro. Da Tally ta ji haka sai ta jefa sarƙar cikin wuta don ta rabu da ita, ba ta san lalata ta ma yana aika saƙon ba. Washegari jami'ai suka dira, aka tarwatsa ƙauyen, aka kama Shay aka yi mata aikin da ta tsere wa.

Hujjar Masu Wuƙa

Adalci ne mu saurari mutanen wannan birni kafin mu yanke musu hukunci, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. A makaranta ana koya wa su Tally cewa a zamanin Masu Tsatsa dogaye sun fi samun aiki, ana zaɓen shugaba don fuskarsa, ana kashe juna saboda launin fata, 'yan mata suna hana kansu abinci har su halaka don su yi kama da hotunan mujallu. Wace ce ƙarya a cikin waɗannan? Ba ko ɗaya.

A 1972 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Karen Dion da Ellen Berscheid da Elaine Walster, sun nuna wa mutane hotunan waɗanda ba su sani ba, suka ce su kintaci halinsu. Sai aka ga masu kallo suna jingina wa kyawawan kirki da nasara da zaman aure mai daɗi, alhali ba abin da suka gani sai fuska. A 1994 masana tattalin arziki biyu, Daniel Hamermesh da Jeff Biddle, sun bincika albashin ma'aikata a Amurka da Kanada, suka tarar waɗanda ake ganin ba su da kyau suna samun kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ƙasa da na tsaka-tsaki. Ke nan wanda aka haifa ba sura yana biyan wani haraji na ɓoye tun daga yarinta har tsufa, a kan laifin da bai yi ba.

Har ma'aunin da likitocin birnin ke bi yana da tushe a bincike. Tun a ƙarni na 19 Francis Galton ya riƙa ɗora hotunan masu laifi a kan juna yana neman ya fitar da siffar ɗan ta'adda, sai ya ga fuskar da ta fito daga haɗin ta fi kowace ɗaya daga cikinsu kyan gani. A 1990 Judith Langlois da Lori Roggman suka maimaita irin wannan gwaji da kwamfuta, suka tarar mutane sun fi son fuskar da aka haɗa daga fuskoki 16 ko 32 a kan akasarin fuskokin da aka haɗa ta daga gare su. Don haka mutumin birnin Tally zai ce: mun yarda ido yana da son kai, kuma wa'azi bai hana shi ba tun fil azal, mu kuwa mun raba wa kowa abin da a da sa'a ce ke bayarwa. In ana yabon gwamnatin da ta ba kowane yaro ilimi kyauta, don me za a zagi wadda ta ba kowane yaro kyau kyauta? Wannan ita ce tambayar ɗalibata, cikin wata riga.

Ina Ciwon Yake?

Westerfeld ya sauƙaƙa wa kansa aiki da ya kawo zancen tabon ƙwaƙwalwa, domin da zarar mai karatu ya ji ana taɓa hankalin mutane a asirce, shari'a ta ƙare. Wannan a ganina rauni ne a littafin. Tambayar da ta fi wuya ita ce: a ce babu tabon, tiyatar fuska ce zalla, shin tsarin ya halatta? Amsata ita ce bai halatta ba, kuma dalilina na farko shi ne an sa magani inda ba nan ciwon yake ba.

In alƙali yana karɓar hanci daga masu kuɗi, gyaran shi ne a hukunta alƙalin. Ba wanda zai ce a raba wa kowa kuɗi don kowa ya iya ba shi hanci, sa'an nan a kira wannan adalci. Haka nan in mai ɗaukar ma'aikata ya zaɓi kyakkyawa ya bar gwana, ko malami ya fi sakar wa kyakkyawan yaro fuska, laifin yana wurin mai kallo. Birnin Tally ya ɗauki wuƙa ya ɗora a kan fuskar wanda aka zalunta, ya bar idon azzalumi yadda yake, har ma ya ba shi gaskiya. Tiyatar tana cewa da kowane yaro: waɗanda suka raina ka ba su yi kuskure ba, ga shi mun gyara ka.

Wasu marubuta biyu sun gwada wasu magungunan, kuma kwatanta su yana da amfani. A gajeren labarin Kurt Vonnegut na 1961, Harrison Bergeron, an daidaita jama'a ta ƙasa: kyakkyawa dole ta rufe fuska da mummunan abin rufi, ƙaƙƙarfa ya rataya nauyi a wuya, mai basira a sa masa na'ura a kunne tana katse masa tunani da ƙara. A labarin Ted Chiang na 2002, Liking What You See, an koma kan mai kallo: akwai wani aiki da ake yi wa ƙwaƙwalwa wanda ke sa mutum ya gane fuskoki sarai amma ba ya jin wannan ta fi waccan kyau, kuma ɗaliban wata kwaleji suna muhawara ko a wajabta wa kowa. Chiang ya fi kusa da gaskiya tunda ya gane inda ciwon yake. Duk da haka magungunan uku sun haɗu a wuri ɗaya: kowanne yana neman ya ɗauke wa mutum wahalar horar da idonsa. Mutumin da bai ga bambanci ba don an makantar da shi bai zama adali ba. Adali shi ne wanda ya ga bambancin, zuciyarsa ta karkata, sa'an nan ya hana wannan karkata shiga hukuncinsa. Wannan aikin tarbiyya ne, kuma ba likitan da zai yi wa wani shi da wuƙa.

Dalilina na biyu Westerfeld da kansa ya kawo shi, ta hanyar kwatance. A hanyarta ta zuwa Hayaƙi, Tally ta ratsa filayen wani farin fure mai tsananin kyau. A da furen yana da wuyar samu, sai Masu Tsatsa suka sarrafa irinsa don ya yaɗu. Ya yaɗu har ya kashe sauran tsirrai, ya kori itatuwan da tsuntsayen da ke yi masa barbara ke sheƙa a kai, daga bisani shi ma ya mutu ya bar ƙasa fayau. Fuska aikinta ya wuce ado. Da ita ake gane ɗa ya ɗauko ubansa, da ita kaka ke ganin marigayiyar 'yarta a jikarta, a kanta shekaru ke rubuta abin da mutum ya sha. In an goge duk wannan an bar kyau ɗaya tilo, an yanke wata igiya da ke ɗaure mutum da danginsa, kuma wanda ba shi da kowa sai hukuma ya fi sauƙin juyawa.

Wuƙar da ke Gaba da Wuƙa

Mu koma ga barazanar Dakta Cable. Me ya sa ta yi tasiri? Ai lokacin da Tally ta amince ta ci amanar Shay ba a taɓa ƙwaƙwalwarta ba tukuna. Abin da ya riga ya yi aiki a kanta shi ne shekara huɗun nan na zama da sunan mummuna. A unguwarsu yara ba sa kiran juna da sunan yanka, sai da laƙabin aibi: wannan a kira shi da hancinsa, waccan da ramarta, ita Tally da ƙanƙancin idanunta. Wasan da suka fi so shi ne su ɗora hoton fuskarsu a allon bango, na'ura ta daidaita ɓangarorinta biyu, su yi ta gwada irin fuskar da za su so a ba su. Ba ɗan sandan da ke tsaye a kansu. Su ke yi wa kansu, suna dariya.

A ƙarshen ƙarni na 18 Jeremy Bentham ya zana wani gidan yari mai siffar zobe, da hasumiya a tsakiya, yadda mai gadi zai ga kowane ɗaki amma ɗan sarƙa ba zai san ko ana kallonsa ba. A 1975 Michel Foucault na Faransa ya yi sharhi cewa a irin wannan gida ɗan sarƙa yakan koma mai gadin kansa, har ya zamana ko hasumiyar ba kowa, aiki yana tafiya. Madubi a birnin Tally shi ne wannan hasumiya. Hukumar da ta iya sa yaro ya ƙi jinin fuskarsa ba ta bukatar ta kore shi zuwa ɗakin tiyata, da ƙafarsa zai je, har ya yi godiya. Tabon ƙwaƙwalwa kammalawa ce kawai ta aikin da gori ya fara.

Wannan ya kawo mu ga batun yarda, wanda shi ne wurin da littafin ya fi zurfi. Bayan an mayar da Shay kyakkyawa, Maddy ta haɗa ƙwayar da take zaton za ta warkar da tabon. Shay ta ƙi sha, ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa jin daɗi kamar yanzu ba. Maddy kuwa ta ƙi ba ta a ɓoye, domin ba a gwada maganin a kan kowa ba, kuma mijinta Az ya mutu ne a hannun waɗanda suka yi gwaji a kansa ba da izininsa ba. Sai Tally ta yanke shawarar miƙa kanta a yi mata tiyatar, bayan ta bar takarda a rubuce cewa ta yarda a ba ta maganin ko da wadda za ta zama nan gaba ta ce ba ta so. To, maganar wa za a bi, Shay ta jiya da ta gudu ko Shay ta yau da ke murmushi? Darasin da na ɗauka shi ne, faɗin "ni na zaɓa" bai isa ya wanke tsari ba, sai an duba wa ya gina zuciyar da ta yi zaɓin, kuma me ake yi wa wanda ya ce a'a. Amma halin Maddy ma darasi ne ga masu son gyara: wanda ya tilasta wa wani 'yanci ya bi sahun Dakta Cable.

Mu da Madubinmu

Wani zai ce ai wannan tatsuniyar Amurkawa ce. Gaskiya ne ba gwamnatin da ke yi wa 'yan shekara 16 tiyata a dole. Sai dai wata marubuciyar, Dhonielle Clayton, a littafinta The Belles na 2018, ta nuna cewa kasuwa tana iya yin abin da hukuma ba ta yi ba. A ƙasar da ta ƙaga ana haihuwar mutane da fata toka-toka, sai sun biya kuɗi wasu 'yan mata masu baiwa su gyara su, gyaran kuma ba ya daɗewa, dole a koma a sake biya. Wanda ya san yadda ake sayen man bilicin ba ya bukatar a fassara masa wannan. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, ta kuma yi gargaɗi a kan zaibar da ke cikin wasunsu, wadda ke lalata ƙoda. Tun a 1976 Fela Kuti ya yi waƙar Yellow Fever a kan wannan ɗabi'a, abin bai ragu ba. A 2021 kuma, takardun cikin gida na kamfanin Facebook da Frances Haugen ta fallasa sun nuna binciken kamfanin da kansa ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin ƙyamar jikinsu, Instagram yana ƙara musu. Wasan allon bangon su Tally yanzu yana cikin aljihun kowane ɗalibi, da sunan filta.

Da fim ɗin Uglies ya fito, masu kallo da yawa sun yi ba'a cewa 'yan wasan da aka ba matsayin munana ai kyawawa ne. Sun manta a littafin ma munanan ba nakasassu ba ne, mutane ne irina da irinka. Sunan kawai aka laƙaba musu, sunan kuma ya yi aikinsa.

Kada a fahimce ni da cewa ina yaƙi da kwalliya. Lalle da kitso da kwalli da turare gadonmu ne, kuma son kyau halitta ce. Abin da ya raba kwalliya da abin da nake zargi ana gane shi da tambayoyi masu sauƙi. Shin abin yana ƙawata fuskar da kake da ita ne, ko yana neman ya share ta ya kawo wata? Wanda ke gaya maka kana da aibi, shi ne kuma ke sayar da maganin? Wadda ta ƙi yi, me take rasawa: ba komai, ko kuwa miji da aiki da mutunci? Amarya tana sa lalle, bayan mako biyu ya goge, hannunta yana nan nata. Wadda ta fara shafe-shafe don an ce fara ko mayya ce, ita ta shiga bashin da ba ranar gama biya.

Kammalawa

Ga amsata ga ɗalibata. Zafin da kika ji a gidan biki gaskiya ne, kuma wanda ya ce miki kyau ba ya da tasiri a duniya ya yaudare ki. Amma waɗanda suka miƙo miki wayoyi su ke da abin gyarawa, kuma in kin miƙa fuskarki don a daidaita ta da idonsu, kin biya tarar laifin da wasu suka yi. Gobe kuma za su sauya ma'auni, domin wanda ke cin riba da rashin gamsuwarki ba zai bari ki gamsu ba.

Sauran maganar tamu ce, mu masu koyar da adabi da ku masu rubuta shi a wannan mujalla. Ku buɗe littattafanmu na soyayya ku duba yadda ake siffanta tauraruwa: fara sol, dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya. Ku duba kuma wa ake ba baƙar fata da gajarta da faffaɗan hanci, in ba kishiya ko 'yar aiki ko muguwar uwar miji ba. Yarinyar da ta karanta irin waɗannan ashirin kafin ta cika shekara 16 ta riga ta yi zamanta a unguwar munana, kuma mu muka gina mata ita da alƙalami. Kakanninmu da suka ce kyan ɗan maciji, suka kuma ce hali zanen dutse, sun san sura daban, hali daban. In ɗayanku zai rubuta labari a fitowa ta gaba, ina roƙonsa ya ba tauraruwarsa irin fuskar da yake gani kullum a aji da kasuwa, ya bar halinta da aikinta su sa mai karatu ya so ta.